Ananse Ya Fito wa Mahaifiyata Ina Tsakiyar Jego

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga Aboabo a nan Kumasi. Na zo wankan gida wajen mahaifiyata bayan haihuwar fari, yau satin yaron biyar. Ita take yi masa wanka safe da yamma, takan kuma goya shi idan na kwanta. Ta yi kwana huɗu tana kukan suka da raɗaɗi a haƙarƙarinta na dama, muka ɗauka gajiya ce, sai shekaranjiya ƙuraje masu ruwa suka feso mata a jere tun daga baya har ƙasan nono. Maƙwabta sun ce ananse ne, wai idan ya zagaye jiki baki ya haɗu da baki mutum ba ya tashi, har an kawo mata wani haɗi na shafawa. Shekarunta 61 kuma tana da ciwon sukari. Uwar mijina ta aiko in tattara in koma ɗakina ba sai na jira arba'in ba, ga kuma matar yayana a gidan da ciki wata shida. Ina tsoron kada yaron ya ɗauka, amma ina jin nauyin in ce wa mahaifiyata kada ta taɓa jikanta. Yaya zan yi?

Mai jego, Aboabo

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya mana yaron, ya ba Hajiya lafiya.

Na ga hankalinki gaba ɗaya yana kan jariri, kuma ban ga laifinki ba, amma wadda ta fi buƙatar gaggawa a gidan nan a yau ita ce Hajiya. A kai ta asibiti yau ɗin nan, kada a ce sai gobe. Akwai maganin da ke rage ƙarfin wannan ciwo, wato asiklobir da danginsa, kuma ya fi aiki idan an fara shan sa cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Tunda kin ce shekaranjiya suka feso, lokacin ya kusa ƙurewa. Ko da wannan amsa ta iske ki bayan kwana ukun sun wuce, a je, domin likitoci sukan ba da maganin duk da haka idan sababbin ƙuraje suna ci gaba da fitowa, ko kuma mai ciwon ta manyanta, ko tana da wata larura irin ciwon sukari. Asibitin Manhyia ba shi da nisa da ku. A tafi da katin inshorarta da duk magungunan sukarin da take sha, kuma a bar likita ya faɗi yadda za ta sha maganin, saboda yakan duba lafiyar ƙoda kafin ya tsayar da adadi. Kada a aiki yaro shagon magani ya sayo bisa kwatance. Abin da kika bayyana ya yi kama da wannan ciwo sosai, amma ido ne ke tabbatarwa, ba wasiƙa ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da yake, domin rabin tsoron da ke cikin gidanku daga rashin sanin asalinsa ya fito. Ciwon da ake ce wa ananse a nan, wato gizo-gizo da harshen Asante, wanda likitoci ke kira zosta, ba gizo-gizo ne ke kawo shi ba, ba kuma jifa ba ne ko sammu. Ƙwayar cutar ƙarambau ce. Duk wanda ya taɓa yin ƙarambau, ko da tun yana goye ne, ƙwayar ba ta barin jikinsa bayan ya warke. Takan koma ta laɓe a tushen jijiyoyin da ke kusa da ƙashin baya, ta zauna shekara da shekaru kamar garwashi a ƙarƙashin toka, sai ranar da garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa ko ciwo ko wahala, sannan ta tashi ta bi jijiya guda ɗaya har ta fito a fata. Wannan ne dalilin da ya sa zafi yake riga ƙurajen zuwa da kwanaki, kamar yadda kuka gani. Shi ne kuma dalilin da ya sa ƙurajen suke jeruwa a gefe ɗaya su tsaya a tsakiyar baya da tsakiyar ƙirji, domin iyakar jijiyar ke nan. Maganar baki ya haɗu da baki ba ta da tushe, kuma ina so ki faɗa wa Hajiya haka da bakinki, saboda na tabbata ta ji abin da maƙwabta ke faɗa, kuma mai yiwuwa tana kwana tana lalubar bayanta tana auna inda ya kai. Ciwo ne da ya zama ruwan dare, har ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50.

Game da yaron, ga gaskiyar magana ba ragi ba ƙari. Ba zai ɗauki ananse daga kakarsa ba, domin ba a ɗaukar ananse daga wani. Abin da zai iya ɗauka shi ne ƙarambau, kuma babbar hanyar ɗauka ita ce ruwan da ke cikin ƙurajen, idan ya taɓa fatarsa kai tsaye, ko ya hau hannu ko zani ko tawul sannan ya isa gare shi. A kwanakin nan huɗu da Hajiya take kukan zafi ba tare da ƙuraje ba, ba ta yaɗa komai ba, don haka ki cire su daga lissafi. Haɗarin ya fara ne daga ranar da ƙurajen suka ɗuri ruwa, kuma zai ƙare ranar da dukkansu suka bushe suka yi ɓawo, wanda yawanci yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10. A tsakanin nan, idan an rufe wurin da kyau, haɗarin yana raguwa ƙwarai. Abincin da ta dafa, ko kwanon da ta ci a ciki, ko hirar da kuka yi a tsakar gida, ba su ne abin tsoro ba.

Inda ciwon ya fito wa Hajiya ne ya sa na ɗan tsaurara a kanku. Haƙarƙari da baya su ne daidai inda ake kwantar da jariri idan an goya shi ko an rungume shi, kuma zani ɗaya ba ya hana ruwa ratsawa idan ƙurji ya fashe. Saboda haka goyo ya tsaya daga yau. Wanka ma ya tsaya, domin mai wankan jariri tana ɗora shi a ƙafafunta tana sunkuyawa a kansa, ga gumi, ga ruwan zafi, ga bandeji yana jiƙewa. Da yaron ya kai shekara, da sai in ce ta rufe ciwon ta wanke hannu ta ɗauke shi. Amma ɗan sati biyar ne, kuma ba mu san matsayin garkuwarki ba tukuna, don haka ra'ayina shi ne a haƙura da ɗauka har sai ƙurajen sun bushe. A rufe su da bandeji marar manne wa ciwo, a sa riga sakakkiya ta auduga a kai. A ware mata tawul da soso da zanin gado, a wanke kayanta daban da sabulu a shanya a rana, kuma zannuwan goyo da majanyin da ta yi amfani da su tun shekaranjiya a wanke su kafin su sake taɓa yaron. Duk wanda ya taɓa ciwon ko ya canza bandeji ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa komai. Idan gado ɗaya kuke kwana ku uku, a raba shimfiɗa.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma Hajiya ce ta fi kowa sanin amsarta: ke kin taɓa yin ƙarambau? Idan kin yi, to jikinki ya ba yaron kariya ta hanyar mabiyiya a watannin ƙarshe na ciki, kuma wannan kariya takan raka jariri a watanninsa na farko kafin ta dushe a hankali. Ba ta toshe ƙofa gaba ɗaya, amma takan sa ko ya kamu abin ya zo da sauƙi. Idan kuwa ba ki taɓa yi ba, to yaron bai gaji komai ba, ke ma kanki kina iya kamuwa. Kada ki ɗauka cewa kowa ya yi a yarinta, domin a ƙasashe masu zafi irin namu mutane da dama sukan girma ba su yi ba, kuma ƙarambau ya fi wahalar da babba fiye da yaro, har yakan sauka a huhu. Ga kuma abin da ya fi damuna: ƙarambau ya fi ananse saurin bin iska nesa ba kusa ba, kuma mai shi yana fara yaɗa shi kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito. Idan ke kika kamu, yaron da ke manne da ƙirjinki dare da rana ba shi da wurin ɓuya. Don haka idan ba a tabbatar kin yi ba, kada ke ki zama mai wanke wa Hajiya ciwo ko mai wanke kayanta, komai son da kike yi ki hidimta mata. A nemi wadda ta tabbata ta yi ƙarambau kuma ba ta da ciki.

Ki bi su asibitin da yaron, ki gaya wa likita dalla-dalla cewa kakarsa ta goya shi ko ta yi masa wanka bayan ƙurajen sun fito, da ranar da hakan ya faru. Ki faɗa masa ko cikinsa ya cika ko bakwaini ne, saboda jaririn da aka haifa tun kafin lokaci, musamman kafin sati 28, bai samu isasshiyar kariya daga uwa ba ko da uwar ta yi ƙarambau. Ana iya gwada jininki a ga ko kina da garkuwa, kuma akwai maganin kariya da ake ba wanda aka ga yana cikin haɗari, amma shi ma yana da ƙayyadadden lokaci, shi ya sa ba a jinkirta faɗa. Shayarwa kuwa ki ci gaba da ita yadda kika saba, babu abin da ya taɓa nononki.

Daga nan sai lura. Ƙarambau yakan bayyana tsakanin kwana 10 zuwa 21 bayan haɗuwa da ƙwayar, don haka ki ƙirga sati uku daga ranar ƙarshe da ya taɓa jikin Hajiya, kina duba shi duk lokacin wanka, ciki da baya da fatar kai da cikin baki. Idan kika ga jajayen ɗigo suna zama ƙuraje masu ruwa, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya yi sauri, ki kai shi asibiti a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne. Ki sayi ma'aunin zafin jiki idan ba ki da shi. Ga jaririn da bai kai wata uku ba, zafin da ya kai digiri 38 ba na jiƙa tsumma ba ne ko na ba da magani a gida, na likita ne. Kada a ba shi asfirin ko kaɗan, domin haɗuwarsa da ƙarambau tana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaro, haka ma ibufurofen ba a son sa ga mai ƙarambau. Idan kuma ƙuraje suka fito masa, ki sanar da ma'aikatan jinya tun daga ƙofa, kada ki zauna da shi a layin awo a tsakiyar jarirai da masu ciki. Allurar ƙarambau ba ta cikin jerin rigakafin da ake yi wa yara a wurin awo a Ghana, kuma ko inda ake yin ta ba a yi wa jariri ƙarami kamarsa, saboda haka kada ki ɗauka alluran da ya karɓa sun rufe wannan ɓangaren.

Matar yayanki ita ma tambayar ɗaya ce. Idan ta taɓa yin ƙarambau, ta kwantar da hankalinta, ta dai bar wa wasu jinyar ciwon. Idan ba ta yi ba ko ba ta sani ba, ta je wajen ungozomar da ke duba cikinta a yau ko gobe ta faɗi abin da ke faruwa a gida, domin ƙarambau yana yi wa mai ciki tsanani, kuma ya fi haɗari ga jariri idan ya kama uwa dab da haihuwa.

Sai maganar komawa ɗakinki. Ban ga dalilin da zai sa ki tattara kaya ba muddin za a iya kiyaye abin da na faɗa. Tafiya ba za ta goge goyon da aka riga aka yi ba, kuma sati ukun lura suna nan ko a ina kika kwana. Abin da tafiyar za ta ƙara shi ne ta bar ki da ɗanyen jego ba mai taimako, ta kuma bar Hajiya da ciwo biyu, na jiki da na ganin an gudu da jikanta saboda ita. Amma zan canza magana idan ƙurajen suka bazu ko'ina a jikinta, ko suka fito inda ba ya rufuwa kamar fuska da hannu, ko ɗaki ɗaya ne tal babu yadda za a raba shimfiɗa, ko likita ya ce yaron yana da raunin da ba zai jure ba. A irin wannan hali a raba su na ɗan lokaci, kuma ba laifin kowa ba ne. Uwar mijinki tsoro ne ya sa ta aiko, kuma tsoron kaka a kan jika abin girmamawa ne. Kada ki mayar mata da amsa ta bakin ɗan aike. Ki zaunar da maigidanki ki bayyana masa, ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita, sannan shi ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani, domin abin da za ta karɓa daga ɗanta cikin sauƙi yana iya zama gardama idan daga suruka ya fito.

Nauyin da kike ji na yi wa Hajiya magana na fahimce shi, kuma alamar tarbiyya ce. Sai dai ina ganin kin raina ƙarfin zuciyarta. Matar da ta bar barcinta tana tashi da asuba tana dafa ruwan wanka saboda wannan yaro ba za ta so ta zama sanadin ciwonsa ba, abin da ba za ta so ba shi ne a riƙa janye shi daga gabanta ana ƙus-ƙus ba a gaya mata dalili ba. Ki same ta ku biyu, ba a gaban maƙwabta ba, ki ce mata: Mma, likita ya ce ruwan ƙurajen nan yana iya sa wa yaro ƙarambau, ya ce ki huta da goyo da wanka kwana goma har su bushe. Ki ambaci adadin kwanakin, domin haƙurin da aka san ranar ƙarewarsa ya fi sauƙin ɗauka. Idan kin san bakinki ba zai iya ba, ki roƙi likitan ko ma'aikaciyar jinya su faɗa mata a gabanki. Sannan kada a tsame ta daga hidimar. Ta zauna a kujera lokacin wanka tana nuna wa mai yi yadda za ta riƙe kai da yadda za ta gasa jiki, ta yi masa wasa da addu'a daga inda take, a ci gaba da tambayarta abin da za a dafa miki. Kada a ware mata kwano, kada a rufe ta a ɗaki.

Ita kanta jinyar tana buƙatar kulawa, domin ciwon nan yana da zafi fiye da yadda girman ƙurajen ke nunawa, wasu har rigar jikinsu ba sa so ta taɓa wurin. Haɗin da aka kawo a ajiye shi. Na san wadda ta kawo da kyakkyawar niyya ta kawo, amma shafa toka ko gawayi ko ganye ko man goge baki a kan ƙurajen da suka buɗe yana gayyato wasu ƙwayoyin cuta, kuma ciwon mai sukari ba ya saurin warkewa idan ya ruɓe. Haka nan mayukan bilicin da na ƙaiƙayi masu sinadarin sitiroyid, kada su kusanci wurin. Kada a fasa ƙurajen, kada a tsaga. Abin da ke taimakawa shi ne wanka da ruwa mai ɗan sanyi ba tare da dirzawa da soso ba, ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa a ruwan sanyi na ɗan lokaci, ruwan kalamin na shafawa idan akwai ƙaiƙayi, da farasitamol. Idan zafin ya hana ta barci ta faɗa wa likita ba tare da kunya ba, domin akwai magungunan da aka tanada musamman don zafin jijiya. A riƙa gwada sukarinta a kai a kai, saboda ciwo yakan tayar da shi. Idan likita ya nemi a yi wasu gwaje-gwajen jini, har da na cutar da ke karya garkuwar jiki, kada kowa ya ɗauke shi zargi, tsarin aikinsu ne su nemi abin da ya raunana jiki har ƙwayar ta samu damar tashi.

A mayar da ita asibiti ba tare da jira ba idan wurin ya yi ja ya kumbura yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi mai ƙarfi ya rufe ta, ko ta fara ruɗewa, ko ƙurajen suka tsallaka wasu sassan jiki. Ga masu karatu kuma da ciwon zai fito musu a goshi ko kan hanci ko kusa da ido, wannan ba ya kwana, domin yana iya taɓa gani, kuma akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Komfo Anokye.

Fatar takan warke cikin sati biyu zuwa huɗu, amma ki sani tun yanzu cewa wasu, musamman masu shekaru irin na Hajiya, zafin yakan ci gaba da damunsu watanni bayan ƙurajen sun tafi, saboda jijiyar ta ji rauni. Kimanin mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi ciwon suna fama da wannan. Idan hakan ta same ta, ba ciwon ne ya dawo ba, ba kuma wani abu ne aka yi mata ba, kuma wannan zafin ba ya yaɗuwa ga kowa. Da zarar kin duba kin ga kowane ƙurji ya bushe ya yi ɓawo, babu sabo kuma babu mai tsatsar ruwa, to ta koma ɗaukar jikanta da yi masa wanka, goyo kuwa sai ranar da bayanta ya daina yi mata ciwo. Idan zafin ya wuce wata guda yana hana ta barci ko sallah a tsaye, a koma wa likita a nemi maganin jijiya, kada a bar ta tana cijewa.